Mai Tsaron Batirin Motar Mirrihi

Zauna, ƙanwata, ki ajiye wayar nan. Yaron da kika tura koyon aiki a Legas ba ɓata ya yi ba. Bari in ba ki misali.

An yi wani mutum, aikinsa duba batirin wata 'yar motar bincike da aka aika jar duniyar nan ta Mirrihi, ana sarrafa ta daga nan. Ba mai tuƙi a cikinta, ba mai goge mata farantin sola. Kullum da safe takan aiko da labarin cajin da ta kwana da shi, shi kuma ya yanke mata tafiyar da za ta yi a ranar. Shekara da shekaru suna haka, har ya fi sanin lafiyarta a kan tasa. Sai sanyin can ya kawo kai, rana ta yi rauni. Masu aikin suka ce a kwantar da ita, ɗan cajin da ya rage ya tafi wajen ɗumama batirin kada sanyi ya kashe shi, kuma kada wanda ya kira ta sai zafi ya dawo. Shi da bakinsa ya kawo shawarar, don ya san duk amsar da za ta bayar daga ɗuminta za ta cire.

To, sani daban, zuciya daban. Ya zo da safe ya zauna gaban allon kwamfuta, allo shiru, shayinsa ya huce a hannu. Ran nan ya ce a ransa, "Gaisuwa ce kawai, in ji tana nan." Ya tura kira. Baiwar Allah ta farka, ta juyo da eriyarta, wato kunnenta, wajen gida, ta amsa. Ranar har abinci ya ƙara. Bayan kwana biyu kewa ta dawo, ya sake. Ya kuma sakewa. Ba ta taɓa ƙin amsawa ba, ita ba ta san ƙi ba. Da zafi ya dawo aka taru aka kira ta, ba ta motsa ba. Tana can gindin wani tudu har yau, kunnenta na kallon gida, shi kuma bai daina zama gaban allon ba.

Yaronki ma ba zai ƙi ɗauka ba, ko maigidansa na tsaye a kansa, ko kuka zai yi bayan kin kashe. Ki bar shi ya ci sanyinsa. Hausawa sun ce son zuciya, ɓacin zuciya.