Uwar Tsawa

Marka ta juya mujallar sau uku, har bangon baya ta duba, ba ta ga kanta ba.

Shekara huɗu ke nan duk wata sai ta ga kanta. Ɗanta na fari, Labbo, shi ke zana labarin Tsawa a wani kamfanin buga littattafai a Kaduna. Tsawa jarumi ne mai tashi sama, mai malafa da sandar kiwo, wanda ya taɓa tare tirela da hannu ɗaya. Amma komai ƙarfinsa, a shafin ƙarshe sai ya sauko ya durƙusa gaban uwarsa. Uwar kuwa Marka ce sak: wushiryarta, tabon da saniya ta yi mata a gira, har ƙwaryar nononta mai ɗinki. Ko bihim ba ta sani ba a boko, amma ba a koya wa mutum fuskarsa.

Labbo ba ya aiko wasiƙa, shafin nan shi ne wasiƙarsa. Ita kuma ba ta taɓa yabonsa ba. Wace Bafulatana ce za ta yabi ɗan fari? Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai “wancan”. Duk kasuwar Gummi an san kunyarta. Da damina ma wani baƙo mai guntun wando ya ratsa masu nono kusan ashirin, ya tsaya a kanta, ya ce ko ita ce uwar Labbo. Ta kau da kai ta ce, “Ban san shi ba.” Mata suka yi ta dariya, suna cewa ka ji kunya ta asali. Baƙon ya ƙura mata ido, ya tafi.

Wata biyu mujalla ba ta zo ba. Yau da ta zo, ga abin da ta zo da shi.

Ta kai wa Atiku tela, wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci, shi ke karanta mata. Ya tsai da keke, ya ɗora tabarau.

“Inna, abin ya rikice. Sun ce an sake labari tun daga tushe. Ga Tsawa nan, babu malafa, babu sanda, sai matsattsen wando da ƙyalle ga fuska. Mugun nan da anka kashe bara ma ya tashi, wai yanzu abokinai ne.”

“Ba su nika tambaya ba. Ina tsohuwar?”

Atiku ya yi ta ’yan kame-kame, sannan ya karanta. Sabon Tsawa ba shi da uwa. A tasha aka tsince shi cikin kwali, bai taɓa shan nonon kowa ba.

Marka ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta goya Labbo daga Bukkuyum har Anka a ƙasa, shekarar da shanu suka ƙare? Wato ya sha ruwan birni, yanzu mai tallan nono ta zama abin kunya. Nan a bakin rumfa, gaban jama’a, ta faɗi abin da uwa ba ta faɗa da wasa: ba ta yafe nonon da ya sha ba. Atiku ya roƙe ta ta janye. Ta ce sai ta faɗa wa ɗan nata ido da ido.

Kwana biyu ta yi a hanya kafin ta iso Kaduna, da mujalla ƙunshe a gefen zane. Maigadin kamfanin ya kalli fuskarta, ya kai ta ɗakin zane ba tare da tambaya ba.

Wani mutum ne zaune a teburin, Sande sunansa, haifaffen Sabon Gari. A bango bayansa an rataye wata malafa. Ta jefa masa mujallar.

“Kira mini wancan. Shi gaya mini don mi yac cire ni.”

“Ba shi ya cire ki ba,” in ji Sande. “Ni ke zana Tsawa yanzu, ni na cire ki. Kuma ko gobe zan sake.”

“Mi nay yi maka, ɗan nan? Ka san ni ne?”

“Shekara huɗu ina kallon fuskarki a teburin nan, shi ya sa na gane ki cikin masu nono.” Ya miƙe, idonsa jawur. “Ni Labbo ya aika Gummi in ɗauko ki, yana kwance a asibiti, kika ce ba ki san shi ba, kwana uku ya yi yana kallon ƙofa kafin ya cika.”