Kakan Mista Bevan

"Karanta min layin ƙasa," in ji Mista Bevan, tsohon da Rachida take jinya a unguwar Irving Park.

Ya daɗe yana neman kakan kakansa da ya zo daga Wales. Mutanen can kamar Hausawa suke, ɗa sunan ubansa yake ɗauka, sai sunan ya yi ta canzawa. Yau ya same shi a takardun ƙidayar 1850, sai washe baki yake.

Rachida ta duba. Ƙarƙashin sunan kakan an jera mutane, babu suna ko ɗaya, sai shekaru da launin fata. Bayinsa ne.

"Ashe ya yi arziki," in ji tsohon.

Rachida na fita ta kira mahaifiyarta a Damagaram.

"Maman, mutanen nan ƙazamai ne. Suna bin sunan ubansu har tsallaken teku, waɗanda suka yi musu bauta kuwa ko suna babu."

Hajiya ta ce, "Iya Nagode da ta goye ki, wadda kakanki ya gada tare da gona, 'yar wa ce?"

Rachida ba ta taɓa tambaya ba.