Ɗan Jan Kifin Ƙasan Teku

Shekara tara ke nan da kogin Kwara ya ƙafe, aka kwaso masuntan Yawuri zuwa garin ƙarfe da ke bisa teku. A nan, kowane gida ƙugiya ɗaya doka ta yarda ya saka a rana.

Yau Kulu ta fita da mahaifinta, tsoho Manu, fitarsa ta farko tun zuwansu. Injin jirgin ruwansu ya daɗe yana naɗe igiyar ƙugiya, sannan ya fito da ɗan jan kifi mai manyan idanu, bai fi tafin hannu ba. Manu ya zare ƙugiyar, ya mai da shi ruwa yadda ya saba a kogi.

"Je ka ka girma," in ji shi.

"Baba, abincinmu ne fa. Iyakar girmansa ke nan. Can ƙasa yake zama cikin duwatsu, inda rana ba ta kaiwa."

"To, ya koma gida."

Kifin bai nutse ba. Cikinsa ya kumbura, ya yi rigingine, ruwa na tafiya da shi.

"Wanda aka ɗauko daga can ba ya komawa, Baba."

Manu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaye ta ina ne arewa.