Tsawon Dokas

Chundung ta dawo daga ɗebo ruwan zafi ta tarar da Madam Luba duƙe a kan gadon jaririyarta, riƙe da zaren ulu. Tsohuwar ta ɗora bakin zaren a tsakiyar kan Dokas, ta ja shi har diddige, ta ƙulla, tana motsa baki da wani yare. Da ta ga uwar sai ta yi murmushi, ta cusa zaren a aljihu, ta sauka ƙasa abinta.

Chundung ta ajiye ruwan, ta ɗauki 'yarta ta rungume. A garinsu, can bayan Bukuru, ba a auna mutum yana kwance sai in kafinta zai yi masa akwati. Ga Dokas bakwaini ce, tun da aka sallamo su daga asibiti take fama da ƙirji, numfashinta kamar na ɗan tsako.

Madam Luba ce mai gidan da suke haya a Plumstead, 'yar Rasha da ta tsufa a Landan. Kambai, mijin Chundung, gwamnatin jiha ce ta turo shi karatun injiniya, a shekarun nan da arzikin mai ya sa duk mai takarda ya hau jirgi. Shi ya samo ɗakin, yana ta yabon matar wai Kirista ce kamarsu. Chundung dai ba ta ga alama ba. Wace irin Kirista ce za ta cika kusurwar falo da hotunan mutane masu dogayen fuskoki da manyan idanu, ta kunna musu fitilar mai, ta sunkuya tana sumbatarsu safe da yamma? A cocin da aka rene ta, ko kalanda fasto ba ya son gani a bango.

Tsohuwar ta taɓa ce mata, da guntun Turancinta, ba katakon hotunan take wa sujada ba. Taga ce da mutum yake leƙawa ya gaida waɗanda suka riga shi isa wurin Ubangiji. Bayanin nan ya ƙara ɓata lamarin. Ashe ma da matattu matar take gaisawa.

Ta kai wa Kambai zancen zaren. Ya ce ƙila rigar sanyi za a saƙa wa yarinya, ya ce kuma ta cika worry, ya rataya jakarsa ya tafi makaranta. Shi dai in ba jarabawa ba, babu abin da ke tayar masa da hankali a duniya.

Washegari aka fara jin zarto daga ɗakin baya, wanda kullum yake kulle. Bayan zarto sai wani wari kamar na fata da ake dafawa. Sai kuma ƙwai: kowace safiya Chundung kan ga ɓawo da farin ƙwai a kwano, gwaiduwar ta ɓace. Ba ta buƙatar a gaya mata irin aikin da ake yi da ƙwai a ɗaki kulle.

Makonni suka shige, tarin Dokas yana gaba. Chundung ta koma tokare ƙofa da kujera. In tsohuwar ta miƙo miya sai ta karɓa da godiya ta juye a shara. Addu'a ma ta gagare ta, don da ta rufe ido zaren take gani. Tsoro take ji, kuma ba ta da uwa ko yaya a garin da za ta gudu wurinta.

Ranar da likita ya ce in zazzaɓin bai sauka ba gobe za a mayar da Dokas asibiti, ranar Madam Luba ta fita sayen burodi da azahar ta manta ba ta kulle ƙofar ɗakin baya ba. Chundung ta goya 'yarta ta shiga.

Yana nan a kan tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle: katako siriri, gefensa a goge sumul. Zaren yana kusa da shi. Ta miƙa zaren a kai, ƙullin ya tsaya daidai bakin katakon. Murfin kenan, saura gangar jikin akwatin.

Ta sure shi za ta rotsa da bango sai ta ji motsi. Tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa da burodinta.

"Ba za ki binne min 'ya ba," in ji Chundung.

Ƙyallen ya zame ya faɗi. Wata mace ce a zane, bayanta ruwan zinariya, riƙe da rigar da ta ɗinka, idanunta a buɗe tar, fentin da aka kwaɓa da gwaiduwar ƙwai ko gama bushewa bai yi ba.

Madam Luba ta ajiye burodin, ta daɗe tana laluben kalmomi. "Dokas ce ta Littafi Mai Tsarki, mai ɗinka wa gwauraye riguna, wadda Bitrus ya tayar bayan ta mutu," ta ce a hankali. "A gidanmu in an haihu, mukan zana waliyyin da yaro ya ci sunansa daidai tsawon yaron, a rataya a kan gadonsa yana taya shi addu'a. Ki ajiye mata, ranar da ta tsufa ta nuna wa jikokinta iyakar tsawonta lokacin da muka roƙe ta a wurin Allah."