Yabon da Takarda Ta Shanye

Tun da aka kawo wa kwalejinmu sabuwar takarda, mai shanye duk jimlar da marubucinta bai yarda da ita ba, ajin Turanci ya zama wurin tonon asiri. A maƙalata ta farko, sunana kaɗai ya tsira. Ƙawata Kubura ce ta riƙa zaunar da ni a gindin darbejiya, har na koyi tsare kowace jimla in tambaye ta hujjarta.

Yau zangon karatu ya ƙare. Malam Tukur ya ce kowa ya karanta aikin na kusa da shi, ya rubuta ra'ayinsa a ƙasa. Na karanta na Kubura. Ga manyan kalmomi, amma magana ɗaya take ta juyawa kamar waina a tanda. Ita dai ta yarda da abinta, don haka tawadarta na nan baƙa wuluk.

Na rubuta, "Aiki ya yi kyau ƙwarai." Kafin in ɗaga biro, takarda ta shanye. Na sake dannawa, ta sake shanyewa, Kubura na kallo.

Ta buɗe jaka, ta zaro maƙalarta ta makon farko. Ga irin wannan yabon a ƙasa, da hannuna, ko ɗigo bai goge ba.

"Wannan fa?" in ji ta.

"Lokacin ban iya karatu ba."

Maganar ta fita kafin in kama bakina. Na sunkuyar da kai, don na san ko a takardar na rubuta ta, da ta zauna daram.