Ɗan da Ke Cikin Tabarau

Ya zare wa mahaifiyarsa tabarau ɗin. Shi ya saya mata da aiki ya hana shi zuwa, aka ƙera mai kamanninsa da muryarsa a ciki, yana taya ta hira kullum.

"Umma, dube ni," ya ce, gabansa na faɗuwa kada tsufa ya sa ta kasa bambance su. "Wancan ba jini ba tsoka. Ni ne ɗanki."

Ta shafa kumatunsa.

"Ni da na haife ka zan kasa gane ka? Ai kai ne mai gaishe ni daga bakin ƙofa, makullin mota a hannu. Miƙo min abina ka tafi. Shi bai taɓa cewa yana sauri ba."