Warƙar da Gara Ta Ci

Da la'asar ne, a zauren kakana Malam, muna jiyo ƙarar injin ban ruwa daga Watari. Ya kwance gafaka, warin tsohuwar fata ya tashi, ya zaro littafin ajami da kakansa ya kwafa, kan yadda ake riƙon jama'a. Warƙoƙin ba ɗinki, shi ya sa a ƙasan kowace ake rubuta kalmar farko ta mai bi mata, kada su cakuɗe.

Idonsa ya tafi, ni nake karanta masa. Na kai inda aka ce duk laifin shugaba talakawa kan yafe. A ƙasa an rubuta "sai".

"Malam, ta gaba babu."

"Gara ta ci. Bari, ai na haddace."

Ya ɗaga kai, leɓɓansa na motsi. Ina ta jira har aka kashe injin.

"Ɗazu fa tana nan," ya ce a hankali.

Malam ya rasu, yau littafin yana hannuna. Na karanta littattafan Larabawa da na Turawa kan mulki, kowa da abin da ya sa bayan wannan "sai". Ni har yanzu na bakin Malam nake jira.